Motar da Inna Kulu Za Ta Iya Shiga

Malam Ladan Sale malamin dabbobi ne. Gidansa yana Bebeji, wurin aikinsa yana Tudun Wada, mahaifiyarsa kuma tana can gaba da Doguwa, a wata 'yar ruga da ke gindin duwatsu. Duk wanda ya san wuraren nan uku zai gane cewa rabin rayuwar Ladan a kan hanya ta ƙare.

Motar da ya yi wannan rayuwa a cikinta ƙarama ce, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Ja ce lokacin da ya saye ta, amma rana ta daɗe da shanye launin. 'Ya'yansa suna kiran ta Gwaggo, domin sai ta yi tari da safe kafin ta tashi, kuma ba a yi mata gaggawa. Ƙofar direba ba ta buɗuwa ta ciki, sai ya sauke gilashi ya zura hannu waje. A but ɗinta kullum akwai jarkar ruwa saboda lagireto, da igiya, da akwatin ƙanƙara da yake zuba allurar riga-kafin shanu. Masu shayi a Kwanar Dangora sukan gane ta da ƙarar salansa tun kafin ta ɓullo, su fara haɗa masa nasa.

A rugar nan aka haifi Ladan, kuma shi ne ɗan fari. Da aka yaye shi sai kakarsa ta ɗauke shi, a ɗakinta ya yi wayo. Wani kawunsa da ke aikin masinja a Tudun Wada ne ya sa shi a makaranta, wai don dangi su samu mai karanta musu takardar jangali. Yaron ya zarce har ya koyi aikin dabbobi. Gwamnati ta fara tura shi Bebeji, inda ya auri Safara'u, malamar firamare, ya gina gida. Daga nan aka mayar da shi Kiru, ya yi shekaru yana bin rugage da sirinji, sannan Tudun Wada. Bai taso da iyalinsa ba saboda aikin matarsa da karatun yara, ya zaɓi jeka-ka-dawo. Yanzu furfura ta cika masa gemu, saura 'yan shekaru ya yi ritaya, kuma in ya fito daga mota sai ya dafa ƙugu ya ɗan tsaya kafin ya miƙe sosai.

Mahaifiyarsa, Inna Kulu, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajen mutanensu. Uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ba ta faɗar sunansa, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta kuma nuna ta damu da shi a gaban mutane. In ya zo gaishe ta, a bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta amsa idonta yana kan ƙwaryar da ke gabanta. In tana da magana, sai ta faɗa wa wanda ke kusa, a ce wa mai motar nan kaza. In babu kowa kusa, ta faɗa wa iska, shi kuma ya ji. Ladan ya ce bai tuna ranar da hannunsa ya taɓa nata ba. Bai faɗi haka da ƙorafi ba, ya faɗa ne kamar yadda mutum zai faɗi ranar da kasuwar garinsu take ci.

'Yan shekarun nan hawan jini da ciwon suga suka kama Inna Kulu, gwiwoyinta kuma suka yi nauyi. Likita a Tudun Wada ya ce a riƙa kawo ta kowane wata. Ladan ne ke ɗauko ta, shi kaɗai, domin ranar asibiti ranar aiki ce. Safara'u tana makaranta, matar ƙanensa Ɗahiru da ke zaune da Inna kuma tana fama da goyo da tatsar nono. Da Gwaggo abin bai taɓa yin wuya ba. Yakan buɗe ƙofar baya, ya juya yana duba taya, ita kuma ta zauna a kujera kamar mai zama a bakin gado, ta ja ƙafafunta ciki ɗaya bayan ɗaya, ta rufe da kanta. Kullum bayan direba take zama, inda madubi ba ya kama fuskarta.

Matsalar damina ce. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa rugar, hanyar shanu ce da ta ratsa wani rafi. Da rani yashi ne kawai. Da damina ruwa yakan kwashe yashin ya tono wani dutse da ke kwance a tsakiyar mashigin, Gwaggo kuwa ba ta da tsawon ƙafar da za ta tsallake shi. Bara ta kafe a kansa har sai da aka zo da shanun huɗa aka ja ta. An gwada ɗauko Inna a babur, ta hau sau ɗaya ta ce ba za ta ƙara ba. Haka ta yi Agusta da Satumba ba ta ga likita ba. Ladan yana kai mata magani da ƙafa, amma magani ba awo ba ne. Ƙafarta ta kumbura, wani ɗan ƙurji a babban yatsa ya ƙi warkewa. Da aka samu aka kai ta, likitan ya ja Ladan gefe ya gaya masa cewa in aka sake irin wannan fashi, to maganar yanke ƙafa za a yi.

Da kaka ta yi, Ladan ya sa Ɗahiru ya ware bijimai daga cikin shanunsa na gado aka kai kasuwa. Ya ƙudura zai sayi jif kafin ruwan fari.

Tun daga ranar da maganar ta fita kowa ya zama masanin mota. Hafizu, babban ɗansa da ke karatu a Kano, ya dinga turo hotuna ta waya, duk baƙaƙe masu baƙin gilashi. Ƙannen Hafizu mata suna son mai sanyi a ciki. Safara'u ta ce ita dai a samu mai kujera layi uku, domin ta gaji da ɗora yara a cinya duk ranar Sallah, alhali yaran sun fi ta tsawo. Abokan aiki suka ce ya tuna yadda mai ya koma. Maƙwabta ba su ce komai ba, sai dai gaisuwarsu ta ƙara tsawo, domin kowa ya san babbar mota a unguwa ita ce motar amarya, ita ce ta mai naƙuda, ita ce ta zuwa ta'aziyya.

Wanda Ladan ya saurara shi ne Ɗanmaraya, bakanikensa na Kwanar Dangora, wanda ya san cikin Gwaggo fiye da mai ita. Babarbare ne, Ladan kuma Bafulatani, don haka akwai wasa tsakaninsu, kuma ba ya raga masa.

"Wai Bafulatani da jif," in ji Ɗanmaraya, yana goge hannu da tsumma. "Ku da Allah ya hore muku ƙafa da sanda? Dakta, ka nemi jaki mai lafiya kawai. Ka huta, ni ma in huta."

Ladan ya ce in ya sayi jaki yunwa ce za ta kashe Barebari, tun da gyaran Gwaggo ne ya rufa wa garejin nan kwano.

Da aka gama wasa, shawarar Ɗanmaraya gajeriya ce. Kada ya kalli fenti. Ya nemi wadda ake samun kayan gyaranta a Ƙofar Ruwa, wadda kuma in ta tsaya a dajin Falgore bakaniken ƙauye zai iya buɗe bakinta ya gane abin da yake gani.

Suka shiga zirga-zirgar Kano kowace Asabar. Fili bayan fili, motoci 'yan Kwatano a jere an wanke su suna ƙyalli, dillalai suna rantsuwa cewa wata Baturiya ce ta hau wannan, ba ta taɓa ganin rami ba. Ɗanmaraya yakan shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashi, ya fito yana girgiza kai. Wannan ta sha ambaliya a can ƙasarsu, waccan an yi karo da ita an miƙe ta, ta ukun injinta yana zubar da mai. Wadda ba ta da aibi kuwa, kuɗinta ya fi ƙarfin bijiman. Ladan yakan dawo Bebeji da magariba kansa yana sarawa, a gida kuma a tare shi da tambaya tun bai cire takalmi ba. Sau da dama Gwaggo takan yi zafi a hanyar dawowa, su tsaya su ba ta ruwa. Ɗanmaraya ya ce fushi take yi, ta ji labari.

Ladan yana da ma'auninsa. Ya je mashigin rafin da rani, ya tone yashi har ya kai gindin dutsen nan, ya auna tsayinsa da karan dawa, ya karya karan daidai wurin. Duk motar da suka tsaya a kanta, sai ya durƙusa ya tsayar da karan a ƙarƙashinta. A ƙarshe magana ta tsaya a kan guda biyu. Ɗaya ruwan toka ce, ta ɗan kwana biyu, kujera layi biyu, karan ya shige ƙarƙashinta da ratar yatsa biyu kacal. Ɗayar baƙa ce doguwa, layi uku, tsakanin karan da cikinta mutum zai zura dunƙulen hannu. Hafizu ya ga hotonta ya ce ita ce. Safara'u ta ƙirga kujeru ta yi murmushi. Ladan ya tuna dutsen, ya ce baƙar.

Mai filin ya san Ɗanmaraya, don haka ya yarda a tafi da ita gwaji na yini ɗaya, muddin shi Ɗanmaraya yana ciki. Ladan ya zaɓi ranar asibitin Inna ta watan Afrilu, don a yi gwajin a kan aikin da za a sayi motar dominsa.

Tafiyar ta yi daɗi. Ramukan da ya haddace tsakanin Kwanar Dangora da Tudun Wada suka wuce bai ji su a bayansa ba. Suka ratsa Falgore, suka bar kwalta, suka bi ta kan dutsen mashigin da Ladan ya tone ko ƙara babu. A ruga mutane suka fito. Ɗahiru ya zagaya motar yana shafa ta kamar mai tayin saniya. Inna Kulu ta fito da shirinta na asibiti, mayafi a kafaɗa, katinta a cikin leda. Ta dubi motar, ba ta dubi mai ita ba. Ta ce wa matar Ɗahiru a ce Allah ya sa alheri, ya tsare hanya.

Ladan ya buɗe ƙofar baya, ya juya kamar yadda ya saba. Ya jira ƙarar rufe ƙofa, bai ji ba. Da ya waiwaya, ya gan ta tsaye, hannu ɗaya a jikin ƙofa, ɗaya a kan kujerar da ta kai mata har ƙugu. Ta ɗaga ƙafa, ƙafar ba ta kai ba. Ta sauke, ta gyara zani, ta sake ɗagawa. Gwiwar ta yi rawa.

Shekara da shekaru Ladan yana tallafar maruƙa marasa lafiya, hannunsa ya saba. Kafin ya yi tunani ya matsa ya miƙa hannu biyu wajen kafaɗarta.

"Inna, bari in..."

Ta ja da baya kamar wuta ta taɓa ta. Ɗahiru ya sunkuyar da kai, Ɗanmaraya ya shiga duba wata taya da ba abin da ya same ta. Inna Kulu ta ce wa surukarta ta bar abu a kan wuta, ta juya ta shiga gida a hankali. Ba ta sake fitowa ba. Can aka aiko cewa cikinta yana juyawa, yau ba za ta iya tafiya ba.

Ɗahiru ya ce a kawo turmi a kifa mata ta taka, matarsa ta riƙe ta. Ladan ya ce a nan kenan. A bakin asibiti fa, wa zai kifa turmin, wa zai riƙe ta ta sauko, wa zai mayar da ita? Ɗanmaraya ya ce ai akwai ma'aikatan jinya. Ladan ya ce kafin ya je ya kira su tana zaune a sama kamar kaya, mutane suna kallo, kuma ya san ba za ta yarda a yi mata haka sau biyu ba.

Suka juyo babu ita. Har suka wuce Tudun Wada Ɗanmaraya bai yi wasa ko ɗaya ba.

"Tun hannuna bai gama miƙewa ba na san abin da na yi," in ji Ladan daga baya. "Na auna dutse, ban auna ta ba."

Ba halin ya ba ta haƙuri, domin ba da haƙurin ma tado maganar ne. Mako na gaba ya koma da Gwaggo. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa. Sannan ta ce wa matar Ɗahiru a gaya wa mai motar ya koma bakin aikinsa, ita ta warke, ba sai an ƙara wahalar da kowa ba. Afrilu ya wuce ba ta ga likita ba. Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, yana watsewa. Mai filin mota yana bugo waya, yana cewa akwai wani Alhaji da ke son baƙar.

Safara'u ce ta ce a bar ta ta je. Ranar Asabar ta hau motar haya zuwa Doguwa, ta ƙarasa a babur, ɗauke da sabulu da man zafi na gwiwa. Tsakanin Inna da ita babu wannan shamaki, sukan yi hira har da dariya. Ta shafa mata man, ta taya matar Ɗahiru tankaɗe, ba ta tado maganar mota ba sai da Inna ta tado da kanta. Ta ce motar nan ta dace da mutum mai shekarunsa da matsayinsa. Rugar nan kaf ba a taɓa ganin irinta ba, har daga maƙwabta an zo tambaya. Mutum ya sha wahalar hanya tun yana saurayi, yanzu Allah ya ba shi abin da zai huta, bai kamata ya fasa ba saboda tsohuwar da ta riga ta ci rabonta.

Nan Safara'u ta gane cewa ba fushi ba ne. Inna ta ce ta warke ne don ya sayi motar da yake so.

Ba ta yi mata gardama ba. Ta kwana, da safe ta zauna tana kallon yadda tsohuwar take zirga-zirgarta. Ta lura dokin ƙofar ɗakinta tana tsallake shi ita kaɗai, in ta dafa bango. Na madafa ya ɗan fi shi tsawo, shi kuwa sai ta tsaya a waje ta miƙa hannu a ba ta abin da take so. Safara'u ta zaro kara daga jikin danga, ta durƙusa a ƙofar ɗakin tana aunawa.

"Me kike aunawa, 'yar nan?" in ji Inna daga kan tabarma.

"Labule zan ɗinka miki, Inna."

"Yanzu daga ƙasa ake auna labule?"

"Haka teloli suke yi a Bebeji."

Inna Kulu ta ci gaba da jan carbi. Safara'u ta sa babban yatsa a inda za ta karya.

"To, ki rage yatsa biyu," in ji Inna, ba ta ɗago ba. "Da damina gwiwar ta fi nauyi."

Safara'u ta rage, ta karya.

Asabar ta gaba Ladan ya koma Kano da kara biyu a hannu, nasa da na matarsa. Na Safara'u ya fi nasa tsawo da kaɗan. Dillalai suka yi ta dariya. Wani ya tambaye shi ko mota ya zo saye ko rabon gona. Ɗanmaraya ne ya amsa musu, ya ce su yi haƙuri, Bafulatani ne, komai da sanda yake yi.

Lissafin ba mai wuya ba ne. Babu jif ɗin da Inna za ta shiga da taku ɗaya, sai an yi mata matakin ƙarfe a ƙarƙashin ƙofa. Matakin dole ya fi karan Ladan tsawo, in ba haka ba dutse zai fizge shi. Kuma kada ya wuce karan Safara'u, in ba haka ba ƙafar ba za ta kai ba. Daga matakin zuwa cikin mota ma kada ya wuce wannan karan. Suka gwada a jikin baƙar. Taku na farko ya yi, na biyu ya zarce karan da kusan tafin hannu. Ɗanmaraya ya kwanta, ya tashi, ya zagaya, ya ce ba dabarar da za a yi, sai dai a jingina mata tsani. Suka gwada a jikin ruwan tokar. Taku biyun duka suka shiga.

Ladan ya daɗe tsaye tsakanin motocin biyu. Ya san abin da zai rasa. Ruwan tokar za ta tsallake dutsen, amma da ƙyar, kuma ranar da aka yi ruwa mai yawa dole ya jira rafin ya janye. Ta fi baƙar tsufa. Bayansa ma ba zai samu hutun da ya ɗanɗana ranar gwaji ba. Ya bugo wa Safara'u waya ya gaya mata layi biyu ce. Ta ce ta sani tun lokacin da take karya karan. Ta ƙara da cewa yaran ma sun kusa watsewa, kowa ya kama gabansa.

Mai filin bai ji daɗi ba, ya ce bai taɓa ganin wanda ya hau doki ya sauko ya nemi alfadari ba. Hafizu ya ga hoto ya ce ta yi kama da motar masu allurar shan inna. Ɗanmaraya ya yi yini guda da mai walda suna haɗa matakin, a gefe ɗaya kawai, ƙofar bayan direba. Ya sa aka yi masa 'yan tudun ƙarfe a sama don kada takalmi ya zame, ya kuma ɗaura wani mariƙi a jikin ginshiƙin ƙofa, daidai inda mai dafa bango zai kai hannu.

Gwaggo kuwa wani mai jigilar tumatir daga Kiru ya saye ta. Ladan yakan hange ta wani lokaci a Kwanar Dangora, kwanduna a kanta har sun fi ta tsawo. Ba ya daɗewa yana kallo. Masu shayi ba su san ƙarar sabuwar ba, yanzu sai ya fito ya yi sallama ya jira a haɗa masa kamar kowa.

Ruwan fari ya sauka a tsakiyar Mayu, kwana kaɗan kafin ranar asibiti. Ladan ya bar Bebeji bayan sallar asuba, shi kaɗai. A mashigin ruwa ya kai idon sawu, kan dutsen ya fito. Ya sa giya ta ɗaya ya shiga a hankali. Ya ji wani abu ya goga a ƙasa, kaɗan, sannan motar ta haye.

Bai san ko za ta fito ba. Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaishe ta, ta amsa, ya tashi ya koma waje ya tsaya. An ɗan jima sai ga ta da mayafi da leda. Ta dubi motar, ta dubi matakin. Ba ta ce Allah ya sa alheri ba wannan karon. Ladan ya buɗe ƙofar baya, ya juya, ya zuba ido a gonar Ɗahiru inda masara ta fara tsiro. Ya sa hannuwansa biyu a aljihu.

Ya ji takalmin roba a kan ƙarfe. Sai shiru. Ya ji ta ja dogon numfashi, ta yi bisimilla ƙasa-ƙasa. Ya ji kujera ta motsa. Shirun ya sake tsawo har ya kusa waiwayawa. Sannan ƙofa ta rufe.

Da ya shiga ya zauna, madubi bai nuna masa komai ba sai gefen mayafi.

"A ce wa mai motar a tafi," in ji Inna Kulu, ko da yake babu kowa a ciki sai su biyu. "Rana tana yi."

Likita ya duba yatsan, ya yi faɗa a kan watan da aka tsallake, ya canza mata magani ɗaya. A bakin asibiti ta sauka da kanta, ta kuma hau da kanta, Ladan yana can yana karanta wata sanarwa da ke manne a bango.

Daminar bana ta yi ruwa sosai a Doguwa. A watan Agusta Ladan ya isa mashigin ya tarar rafin ya cika, ya juya, ya dawo bayan kwana biyu ya haye. Inna Kulu ba ta yi fashin wata ko ɗaya ba, ƙurjin ya bushe. A Bebeji motar ta riga ta kai amare, ta kai mai naƙuda, ta je ta'aziyya har Kiru, kuma mafi yawan lokuta Ladan ne direba, domin ba a ce wa maƙwabci a'a. Ya ce hutun Asabar ɗin da ya zaci zai samu bayan an gama zirga-zirgar Kano bai zo ba.

Karan nan biyu suna but, kusa da jarka da igiya. Da kaka Safara'u ta je ruga, ta ga Inna ta fara tsayawa a dokin ƙofarta tana tattara ƙarfi kafin ta tsallake. Ta dawo ta ɗauko nata karan ta rage masa yatsa ɗaya. Ladan ya kai wa Ɗanmaraya. Bakaniken ya jera karan biyu a ƙasa, ya dube su, ya ce za a iya sauke matakin yatsa ɗaya. Daga nan kuma babu sauran wuri, sai dutse.

Ladan ya ce a sauke.